Yadda Ake Miƙar da Katin Foyil da Ya Lanƙwashe Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Duk wanda ya taɓa sayen katunan Pokémon, ko Yu-Gi-Oh!, ko Magic: The Gathering, ko na 'yan ƙwallo irin na Panini da Topps, ya san cewa mai ƙyallin nan ake nema idan an farke leda. Shi ake ɗauka hoto a ɗora a sitatus, kuma galibi shi ya fi tsada. Sai dai shi ne ya fi saurin kawo ciwon kai. Za ka ajiye shi a miƙe sambal, bayan kwana biyu ka tarar ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, alhali babu wanda ya taɓa shi. Sauran katunan marasa ƙyalli da ke gefensa kuwa suna nan lafiya lau.

Masu tara kati a Amurka da Turai har laƙabi suka raɗa wa irin wannan kati, suna ce masa Pringles, saboda ya yi kama da soyayyen dankalin nan na gwangwani. Tun da manhajar Pokémon TCG Pocket ta fito a ƙarshen Oktoban 2024, masu wasa a waya da dama sun fara sha'awar riƙe kati na zahiri a hannu, kuma wannan lanƙwasa tana cikin abubuwan farko da sabon shiga ke karo da su. Ana iya gyara ta da kayan da ba su kai kuɗin cajar waya mai kyau ba. Ana kuma iya kashe katin gaba ɗaya cikin minti ɗaya idan aka bi gurguwar shawara.

Takarda ce fa, me ya sa ake damuwa?

Dalili na farko kuɗi ne. A 2021 Logan Paul, ɗan YouTube na Amurka, ya mallaki katin Pikachu Illustrator a cinikin da ya kai dala 5,275,000, kuma kundin Guinness ya tabbatar da shi a 2022. A 2023 mawaƙi Post Malone ya sayi katin The One Ring na Magic, wanda guda ɗaya tak aka buga irinsa, a kan kuɗin da bai gaza dala miliyan 2 ba. Waɗannan suna cikin mafi tsada, amma ko a ƙananan katuna doka ɗaya ce: lafiyar kati ita ce farashinsa. Kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, yana duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a gidan roba. Ɗan layin karaya guda ɗaya ya isa ya zubar da makin, farashin kuma ya bi shi.

Dalili na biyu gasa ce. A dokokin gasar Magic, duk katin da za a iya gane shi daga baya ko daga gefe yayin da yake cikin tari, ana ɗaukar sa a matsayin kati mai alama. Katin da ya lanƙwashe yana buɗe 'yar kafa a cikin tarin, mai shi zai iya sanin inda yake. A Nuwamban 2022 an fitar da wani ɗan wasa daga babbar gasar yanki a birnin Atlanta kan batun katunan foyil da suka lanƙwashe a tarinsa. Kafin nan, a 2018, katin Nexus of Fate ya fito a foyil kaɗai, babu na takarda zalla, har ta kai alƙalan gasa na ba 'yan wasa katin wucin gadi su saka a madadinsa.

Abin da ke faruwa a cikin katin

Katin Pokémon ko na Magic yana da faɗin milimita 63 da tsawon 88, na Yu-Gi-Oh! kuma 59 da 86. Kaurinsa kusan sulusin milimita ne. Kati na yau da kullum takarda ce gaba da baya, an haɗe su da wani shafi mai duhu a tsakiya don kada haske ya ratsa. A katin foyil kuwa, an manna wata siririyar leda mai ɗauke da hodar ƙarfe a fuskar gaba, sannan aka buga hoton a kanta. Pokémon ta zo da irin waɗannan tun fitowarta a Japan a 1996, Magic kuma ta fara saka su cikin ledojinta a 1999 da jerin Urza's Legacy.

Takarda daga zaren itace ake yin ta, kuma zaren itace yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Idan ya sha sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke. Mai karatu ya san wannan a ƙofar katako: da damina ta ƙi rufuwa, da hunturu ta yi sako-sako. Leda da ƙarfe kuwa babu ruwansu da danshi. To idan aka manne abu biyu, ɗaya yana motsi ɗaya ba ya yi, babu makawa sai sun tanƙware. Irin wannan dabarar ce ke cikin dutsen guga, inda ake haɗa ƙarafa biyu da zafi ke buɗa su ba daidai ba, su lanƙwashe su yanke wuta. Bambancin kawai shi ne a kati danshi ne ke yin aikin.

Katin da babu foyil shi ma yana kumbura yana tsukewa, amma gaba da bayansa tare suke tafiya, shi ya sa yake zama a miƙe. Shi kuwa na foyil yana miƙewa ne kawai idan danshin takardarsa ya yi daidai da yadda yake ranar da aka manna ledar a masana'anta. Gyaran ke nan a taƙaice: mayar da takardar kusa da wancan danshin. Kuma tunda ana buga katunan a masana'antu daban-daban, a Beljiyam da Amurka da Japan, babu lamba ɗaya da ta dace da kowane kati.

Doro ne ko kasko?

Kafin ka yi komai, ajiye katin a kan tebur mai santsi, fuskar ƙyallin tana kallon sama. Sunkuya ka dube shi ta gefe.

Idan tsakiyarsa ta tashi, gefunan suna taɓa tebur, ya yi doro ke nan. Takardar baya ce ta bushe ta tsuke ta janyo gefunan ƙasa. Wannan kati ƙishi yake ji, danshi yake nema.

Idan gefunan ne suka ɗago, tsakiyar tana ƙasa kamar kasko, takardar ta sha danshi ta kumbura. Wannan busarwa yake nema.

A nan mutane da yawa ke yin tafka-da-warwara. Shawarar da ta fi yawo a intanet ita ce a zuba silika, to idan ka zuba wa kati mai doro silika, ƙara masa doron za ka yi. Wanda ke zaune a Kano ko Katsina ko Damagaram zai ga duka biyun a shekara ɗaya. A tsakiyar hunturu danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura 70. Kati ɗaya zai iya yin doro a Janairu, ya koma kasko a Agusta. Haka nan katin da aka aiko daga Legas a miƙe zai iya isowa arewa ya lanƙwashe cikin yini guda, ba tare da mai sayarwa ya yi wata cuta ba. Ɗakin da esi ke aiki dare da rana shi ma busar da iska yake yi.

Kayan da za ka tanada

Na farko roba mai murfi da ke rufuwa ruf, irin ta ajiye abinci mai zoben roba a bakin murfi. A wanke ta, ta bushe sarai, kada ta kasance da warin mai ko yaji.

Na biyu ma'aunin danshi, wato haigiromita. Manhajar yanayi da ke wayarka ba za ta yi wannan aikin ba, domin danshin gari take faɗa maka, ba na cikin ɗakinka ko robarka ba. Wayoyi ƙalilan ne suka taɓa zuwa da ma'aunin danshi a jikinsu, kamar Galaxy S4 ta 2013, kuma kamfanoni sun watsar da tsarin. Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramar na'ura mai batir irin ta Xiaomi ko Govee ko SwitchBot. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, ka ga lambar ba tare da ka buɗe murfi ba, wasu har jadawalin hawa da saukar danshin suke nunawa.

Masu araha sukan yi kuskuren maki kaɗan, kuma gishirin girki ya isa ka gane naka. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga masa ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Rufe shi tare da na'urar a cikin robar, ka bar su kwana ɗaya. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da danshin rufaffen wuri a kusan kashi 75. Idan na'urarka ta nuna 71, ka san kullum za ka riƙa ƙara mata 4.

Na uku abin da zai ƙara danshi ko ya rage shi. Don ragewa, ƙunshin silika, 'yan ƙwayoyin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na kayan lantarki. Don ƙarawa, abin da ya fi aminci shi ne ƙunshin daidaita danshi irin na Boveda. Ruwan gishiri ne a cikin wata fata da tururi kaɗai ke ratsawa. Idan iska ta bushe ya saki danshi, idan ta jiƙe ya tsotse, har sai ta tsaya a lambar da ke rubuce a jikinsa. Akwai na 49, da 58, da 62, da 69, da 72. Asali don masu sigar da masu jita aka fi sanin sa, masu kati suka ara. Na 62 ne suka fi farawa da shi.

Sai kuma rigar kati ta leda mai laushi, da kuben roba mai tauri da ake zura katin ciki, da littattafai masu nauyi guda biyu ko uku.

Gyaran kati mai doro

Wanke hannunka ka busar da shi. Kama katin ta gefuna, kada yatsa ya hau fuskar ƙyallin. Kafin ka fara, jingina wayarka a kan tebur ka ɗauki hotonsa ta gefe, tare da katin banki a kwance kusa da shi. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne, don haka ya zama maka ma'auni: za ka ga ko doron ya kai kaurin katin banki biyu ko uku, kuma za ka gane ko yana sauka.

Fitar da katin daga riga, domin leda tana hana iska isa gare shi. Shimfiɗa farar takarda mai tsafta a ƙasan robar, ɗora katunan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tara su a kan juna. Ajiye ƙunshin 62 a gefe inda ba ya taɓa su, saka ma'aunin danshi, ka rufe. Wasu katunan sukan miƙe cikin 'yan sa'o'i, wasu sai sun kwana biyu ko uku. Duba safe da yamma. Idan an kwana uku doron ya ragu amma bai tafi ba, gwada na 69, kana dubawa akai-akai.

Idan ba ka samu ƙunshin ba, jiƙaƙƙen gishirin nan zai yi aiki. Zuba shi a ƙaramin kofi mai faɗin gindi da ba zai kife ba, ajiye a kusurwar robar. Tunda 75 ya fi abin da yawancin katuna ke so, ba za ka jira a kai can ba. Duba kowace sa'a, da ka ga katin ya kwanta ka fitar da shi.

Akwai masu amfani da jiƙaƙƙen soso ko tsumma. Yana da sauri, amma ya fi haɗari, domin danshin robar na iya kusantar kashi 100. Idan dole ce ta sa, matse soson har ya daina ɗiga, saka shi a cikin kofi, ka riƙa dubawa duk minti 15. Ka ga gumi ya fara taruwa a jikin murfi, buɗe nan take. Ɗigo ɗaya a kan kati yana barin tabon da ba ya fita. Kada kuma ka kwana ka bar shi haka.

Gyaran kati mai kasko

Tsarin ɗaya ne, sai dai silika za ka saka a madadin abin danshi. Ƙananan ƙunshi biyu ko uku sun isa roba matsakaiciya. Ka sani cewa ƙunshin da ya daɗe a buɗe a ɗaki ya riga ya ƙoshi, ba zai ƙara shan komai ba. Ma'aunin danshi zai gaya maka gaskiya: idan lambar ba ta sauka ba bayan sa'a biyu, silikar ta mutu, nemi sabuwa. Akwai mai canza launi, wadda ke tashi daga ruwan lemo zuwa kore idan ta cika. A nisanta ta daga yara ƙanana, kada su haɗiye.

Silika ba ta san iyaka ba. Za ta ci gaba da tsotsa har kaskon ya miƙe, ya wuce, ya koma doro. Don haka duba duk sa'a biyu ko uku. Ƙunshin 49 ko 58 ya fi ta hankali a nan, domin shi idan ya kai lambarsa tsayawa yake yi. Masu cewa a binne katin a cikin shinkafa, irin shawarar da ake ba wanda wayarsa ta faɗa ruwa, a bar su da shawararsu. Shinkafa ba ta kai silika tsotsa ba, ga ƙura da gari da ke goge fuskar ƙyalli.

Ina amfanin dannewa da littafi?

Littafi shi kaɗai ba ya magance komai. Ka danne katin mako guda, ka ɗaga, cikin sa'a ɗaya ya koma gidan jiya, saboda danshin takardar bai canza ba. Amfaninsa yana zuwa ne bayan gyara. Da katin ya miƙe, zura shi a rigar leda, sannan a kuben roba, ka ɗora littafi biyu a kai na kwana ɗaya ko biyu don ya zauna. Tabbatar babu ƙwayar yashi ko ɗaya a cikin rigar, domin nauyi zai nutsa ta cikin ƙyallin.

Kada nauyin ya wuce kima. Matse kati da maƙalar kafinta ko gidan roba mai kusoshi yana iya baje takardar, kuma kamfanonin ba da maki suna ƙin karɓar katin da suka ga alamar an matse shi ko an yi masa kwaskwarima. Littafi biyu ko uku sun wadatar.

Abubuwan da ke kashe kati

Dutsen guga da na'urar busar da gashi su ne kan gaba. Zafi yana laushe gam ɗin da ya riƙe ledar, fuskar ta yi kumbo ko ta dushe, wani lokaci ta ɗago daga takardar. Shanya a rana yana kashe launi, kuma ba ya dawowa. Firji yana sa raɓa ta sauka a kan katin da zarar an fito da shi cikin ɗumi. Maikirowef kuwa kada ma a kusanta, akwai ƙarfe a jikin katin, tartsatsi zai yi.

Tanƙwara shi da hannu ta ɗaya ɓangaren, ko jan sa a bakin tebur kamar yadda ake miƙe kuɗin takarda, yana karya zaren ciki. Wata karayar ba za ka gan ta ba sai ka haska tocilan waya a karkace. Haka kuma riƙe shi a kan tururin tukunya, ko fesa masa ruwa, ko ɗaure tarin kati da kyauro, wanda ke cin gefuna.

Sai a kiyayi funfuna. Takardar da ta daɗe a danshin da ya haura kashi 70 tana iya yin ta, musamman a wuri mai ɗumi. Shi ya sa gishiri da ƙunshin 69 ko 72 na gyaran ɗan lokaci ne, ba na ajiya ba.

Yadda zai zauna a miƙe

Katin da ka gyara, ka ajiye shi a fili, zai sake lanƙwashewa, tunda iskar ɗakin ba ta canza ba. Abin yi shi ne rage masa cuɗanya da ita. Masu wasa suna saka riga biyu: ta ciki mai kama jiki, wadda ake zurawa ta sama, sai ta waje da ake zurawa ta ƙasa, bakunan biyu su saɓa. Akwai rigar ciki mai ɗan tauri, irin KMC Perfect Hard, da ke taimakawa wajen riƙe foyil. Riga ba ta toshe danshi gaba ɗaya, jinkirta shi take yi, amma jinkirin ya isa ka gama wasan yini.

Na ajiya kuma su zauna cikin kube, a jere a matse daidai a akwatin da ke rufuwa, tare da ƙunshin 58 ko 62 da ma'aunin danshi. Idan ƙunshin ya taurare, ya ƙare ke nan, a canza shi. Da hunturu ya fi saurin ƙarewa, musamman idan ana yawan buɗe akwatin. Wajen sayen riga ko albam, nemi wanda aka rubuta babu PVC a jikinsa, domin wannan robar tana fitar da maiƙo da ke manne wa kati bayan shekaru. Kada a ajiye akwatin a bakin taga, ko kan firji, ko cikin mota, ko kusa da inbata.

Idan za ka saya ko ka sayar

Hoton gaba ba ya nuna lanƙwasa. Nemi mai sayarwa ya turo maka gajeren bidiyo, katin a kwance a tebur ana ɗauka ta gefe, sannan a juya shi a ƙarƙashin haske. Lanƙwasa mai santsi daga gefe zuwa gefe ta danshi ce, tana gyaruwa, har ma za ka iya neman ragi a kanta. Amma idan ka ga layin karaya, ko kusurwa ta naɗe, ko katin ya yi tudu da kwari irin na takardar da ta taɓa jiƙewa, ko ledar ta fara ɗagowa a baki, wannan babu robar da za ta dawo da shi.

Idan kai ne mai sayarwa, faɗa wa mai saye cewa katin yana lanƙwashewa, ka aika shi cikin riga da kube, a rufe a leda mai zif. Duk lokacin da za ka gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan a karon farko, fara da foyil mafi araha a tarinka, ka ga yadda robarka da iskar ɗakinka ke aiki. Katin da darajarsa ta kai a aika shi neman maki kuwa, ƙunshin daidaita danshi da haƙuri kaɗai ya kamata su taɓa shi.